Daga Gudel zuwa gidan silima: daren matafiyi a Yamai

Gudel ba da silima ta yi suna ba. Ruwa da wuta aka san ta da su: a nan ake tace ruwan kogin Isa da babban ɓangaren Yamai ke sha, a nan kuma kamfanin Nigelec ya girka injunansa. Tsohon ƙauyen Zabarmawa ne na bakin kogi, wanda ya riga zuwan Turawa, har birni ya yi ta faɗi ya haɗiye shi bayan an ɗauke hedkwatar mulki daga Damagaram an kawo ta Yamai a 1926. Da gari ya cika, ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa da yawa suka nemi fili ko gidan haya a wannan gefe. A shekarun 1970 da 1980, mai son kallo daga cikinsu sai ya yi sallar isha'i, ya hau babur ko ya tare taksi, ya bi ta Yantala ya gangara cikin gari, inda Vox da Zabarkan da Soni Ali Ber da Jangorzo ke jiran masu tike.

Wanda bai yi zamanin ba yana iya tambaya: mutumin da ya kwana biyar a hanya, me zai hana shi kwanciya? Ɗan kasuwan da ya yi sari a Kwatano, kayansa jirgin ƙasa ke ɗauka zuwa Paraku, inda layin dogo ya ƙare. Daga nan a loda su a kamyo zuwa Malanbil, a ƙetare gada zuwa Gaya, a zauna gaban ƴan duwan har sai takarda ta fito, sa'an nan Doso, sa'an nan Yamai. Fiye da kilomita 1000 ke nan, kuma kowane shinge da tasa magana. Ma'aikaci ma ba hutu gare shi ba. Rangadi ya kai shi Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, ya komo da ƙura a gashin ido, ya tarar takardu sun taru a biro.

Amsar tana ƙofar gida. Matafiyi ba ya sauka shi kaɗai. Kafin ya kwance jaka, labari ya zaga unguwa: ga mai bin bashi, ga mai neman rance, ga dangin da suka zo daga ƙauye da takardar magani, ga yara masu jiran tsaraba. Duka hakki ne, ba mai musu. Amma a faɗin Yamai, gidan silima ne kaɗai wurin da mutum zai zauna awa biyu ko uku cikin jama'a ba wanda ya isa ya ce masa «Alhaji, wata ƴar magana ce ke tafe da ni». Duhu ya rufa wa kowa asiri. Ko shugabansa na aiki ne a kujerar gaba, iyaka su gaisa a bakin ƙofa in an tashi.

Mafi yawan gidajen kallo na ƙasashen Sahel katanga huɗu ce da allo, sama a buɗe, shi ya sa sai dare ya yi ake kunna majigi. Benci na gaba shi ne mai araha, wurin ƴan dako da yaran mota da ƴan lakwal da suka sulale daga gida. Masu hali suna baya a kan kujeru. A waje, mai tsire da mai shayi da mai gyaɗa sun kafa tasu kasuwa. Ba a kallo shiru. Ana yi wa jarumi kashedi in mugu ya laɓe masa, ana tafi in ya rama, in kuwa fim ya tsinke sai ihu ya koma kan mai majigi, kamar shi ya tsinke shi da gangan.

Abin da ke kan allo kuwa, galibi daga nesa ya zo. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su suka daɗe riƙe da rarraba finafinai a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki, kuma abin da ya gama zagaya duniya shi suke turowa: kaboyi, ƴan sanda da ɓarayi, daga baya karate na su Bruce Lee. Na Indiya su ne suka fi shiga ran Hausawa. Mother India na 1957 da Sholay na 1975 an maimaita su har wasu suka haddace waƙoƙin ba tare da sun san kalma ɗaya ta harshen ba. Auren dole, kunyar surukai, attajiri da talaka: ba sai an fassara wa kowa ba.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su riƙe, don nasu ne. Nijar tana cikin ƙasashen farko na Afirka da ƴaƴanta suka ɗauki kamara, kuma da yawa daga cikin finafinan farkon nan labarin matafiyi suke bayarwa.

Jaguar, wanda Bafaranshe Jan Rush ya ɗauka a 1954 aka fitar a 1967, samari uku ne suka tashi daga Ayoru a ƙasa suka nufi Gwalkwas, wato Gana ta yau, neman kuɗi: Damure Zika, da Lam makiyayi, da Illo masunci. Sun yi ƙwadago, sun kafa tebur a kasuwar Kumasi, sun komo gida suka rabar da abin da suka tara cikin ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani ya san wannan rabo. A Abijan kuma Rush ya haɗu da wani ɗan Yamai mai dako a tashar jiragen ruwa, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indoshin, ya sa shi a Moi, un Noir na 1958. Sunansa Umaru Ganda, haihuwar 1935.

Da Ganda ya dawo gida ya fara nasa aiki, labarin komowa ya fara bayarwa. Cabascabo tsohon soja ne da ya sauka Yamai da kuɗin sallama. Abokai da maroƙa suka kewaye shi, aka ci aka sha, ranar da aljihu ya bushe ya waiga bai ga kowa ba, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara. Ganda da kansa ya fito a matsayin sojan, da harshen Zabarmanci, kuma an nuna fim ɗin a bikin Kan na ƙasar Faransa a 1969. Le Wazzou polygame ya fi wannan cizo: Alhaji ne ya dawo daga Makka, ya sa ƙarfin dukiya ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, kishi ya kai ga zubar da jini. Shi ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ba kowane mai rawani ne ya ji daɗin kallonsa ba, kuma Ganda bai yi shi don a ji daɗi ba.

Mustafa Alasan shi da dariya ya bi. A Le Retour d'un aventurier na 1966, wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye da abin da suka koya a silima. Wato tun a lokacin Alasan ya ga abin da allo ke yi wa masu benci na gaba. A nan Zalika Sule ta fara fitowa, ta kuma sha zagi a gari saboda mutane ba su raba ta da matan da take kwaikwayo ba. Fim ɗinsa na 1972, F.V.V.A., sunan kaɗai ya isa: mata, motoci, gidaje, kuɗi. Ƙaramin ma'aikaci ne da buri ya fi albashinsa, har hannunsa ya kai inda bai kamata ba. Ƴan kasuwa kuma nasu shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974, inda Lam da abokansa ke yawon sayen kaji a ƙauyuka da wata ruɓaɓɓiyar mota don su sayar a Yamai, suna fama da aljanu da gyaran inji da ƙetare kogi. Wanda mota ta taɓa mutu masa tsakanin Doso da Dogon Dutsi ba ya kallon wannan da ido ɗaya da Bature.

Abin takaici, waɗannan finafinai ba su cika samun wuri a gidajen kallo na kasuwa ba. Mai gida haya yake biya, kuma tsohon kaboyi ya fi araha. An yi ƙoƙarin gyara. Ƙasashen yankin sun kafa hukumar rarraba finafinai ta CIDC a Wagadugu, ɗan Nijar Inusa Useini ya shugabance ta, amma ƙasashe ba su zuba kuɗin da suka yi alkawari ba, ta durƙushe a shekarun 1980. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, bai cika shekara 46 ba.

Sauran labarin gajere ne. Kuɗin yuraniyom ya ja baya. Talabijin ta shiga gidaje, kaset ɗin bidiyo ya biyo ta, kowace unguwa ta sami rumfar kallo da ƴan daloli kaɗan. A shekarun 1990 ma'aikata suka yi ta bin gwamnati albashin watanni, kuma wanda bai biya mai shinkafa ba ba ya zancen tike. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, hayar fim da kayan gyaran majigi suka ninka a dare ɗaya. Kano kuma ta fara nata: daga Turmin Danya na 1990 finafinan Hausa na kaset suka cika Katako da Wadata, mutum ya kalli labari da harshensa yana kishingiɗe a tsakar gida. Gidajen silima suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Kallo bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Direban da ya yi makonni a ayarin Lome, tun da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yana da finafinai a wayarsa fiye da abin da Vox ta nuna a shekara. Amma wayar da yake kallo a ciki ita ce mai bin bashi ke kira. Awa biyun nan da ba mai iya samun mutum, su ne suka tafi.

A 2017 an buɗe sabon gidan kallo mai sanyi, CanalOlympia, kusa da filin sukuwa, da finafinan Amurka da Faransa da Najeriya a sahun gaba. A wannan shekarar ce gidan tarihin MoMA na Niyok ya shirya nuna ayyukan Mustafa Alasan, shekara biyu bayan rasuwarsa. A 2021 gada ta uku, mai sunan Janar Saini Kunce, ta haɗa gefen Gudel da ƙetaren kogi, zirga-zirga ta yi sauƙi. A Oktoban 2024 hukumomi suka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar sunan Alasan, a madadin na Jan Rush, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙwanni a 2004 aka kuma binne shi a Yamai. Sunaye dai suna nan a jikin gine-gine. Wanda ya tare taksi a Gudel ya ce «Umaru Ganda», direba ba zai tambaye shi wane ne ba, dandalin wasanni zai kai shi.