Sirrin Saitin Adaka: Darasi Daga Bindigar Kakanninmu

A zangon karatu na biyu, muna cikin darasin motsin abubuwa, sai wani ɗalibi ɗan aji biyar ya ɗaga hannu. Ya ce kawunsa maharbi ne, yana da adaka wadda ya gada, amma in gada ta wuce taki sittin, ko ya auna ta daidai sai harsashi ya bi gefe. Ya ce, "Malam, laifin bindiga ne ko na kawu?" Aji ya fashe da dariya, aka kuma buga ƙararrawa kafin mu gama. Na yi alkawarin ba da amsa, ga shi kuwa na cika a wannan mujalla tamu.

Mece ce adaka?

Adaka ita ce doguwar bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda wasu ke kira bindigar toka ko harba-ka-ruga. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Zariya ya ga 'yan bindigar sarki suna barin wuta da ita, ko da yake su albarushi kawai suke sawa, ba harsashi. Fataken Turai ne suka riƙa kawo ta bakin teku, Turawan Ingila kuma suka laƙaba mata sunan mutanen Denmak, waɗanda ke da ganuwar ciniki a Ankara ta ƙasar Gana. Daga baya maƙeranmu suka koyi gyara ta da ƙera ta.

Irin ta dā da ƙanƙara take tashi, kamar ƙyastu. In an ja kunama, ƙanƙara ta kartar ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke cikin kasko, wuta ta bi wata 'yar kafa ta shiga ciki ta tayar da babban ɗuri.

Me ke sa harsashi ya kauce?

Cikin bututun adaka sumul yake. Harsashin kuwa dole ya kasa bututun kauri, in ba haka ba ba zai shiga ba. Bindigar sojan Ingila da ake kira Brown Bess faɗin bakinta wajen milimita 19 ne, harsashinta kuwa wajen 17.5. Wannan ɗan gibi shi ne tushen ɓarna. In wuta ta tashi, harsashi yakan tafi yana gogar bango nan da can. Gefen da ya goga na ƙarshe shi ke sa shi juyawa, ba kuwa wanda ya san ko wane gefe ne.

'Yan ƙwallonmu sun san sauran labarin. In ka bugi ƙwallo ta gefe, sai ta tafi tana juyawa, ta lanƙwashe a iska ta ruɗe mai tsaron gida. Haka iska ke yi wa harsashi. Bambancin dai shi ne ɗan wasa ya zaɓi gefen da zai lanƙwasa, maharbi bai zaɓa ba. Wani Bature mai suna Benjamin Robins, wanda ya buga littafinsa kan harbi a 1742, shi ya nuna da gwaji cewa juyawar nan ce ke karkatar da harsashi. Bayan shekara ɗari da goma, a 1852, Bajamushe Magnus ya yi nazarin abin sosai, shi ya sa ake kiransa da sunansa a littattafan kimiyya.

Maganin gibi: ɗan ƙyalle

Masu harbin gwaninta a Amurka da Turai, inda har yau ake gasa da irin waɗannan bindigogi, suna toshe gibin da ƙyallen auduga ko na lilin mai saƙa ƙarfi. Sukan shafa masa kitse, su shimfiɗa a bakin bindiga, su ɗora dunƙulen darma a tsakiya, su tura duka da sandar ɗuri. Ƙyallen yana aiki uku. Yana riƙe harsashi a tsakiyar bututu, yana rage iskar wutar da ke sulalewa ta gefe, kitsen kuma yana tausasa tokar da albarushi ke bari. Da harsashi ya fita sai ƙyallen ya faɗi kusa. Gwani yakan tsince shi ya duba. In ya ƙone ko ya yage, ya san ya yi sirara ko kitse ya yi kaɗan.

Siffar harsashi ma abin lura ce. Maharba da yawa a ƙauyukanmu sukan ɗura guntayen ƙarfe da tsakuwa, kowane da nauyinsa da kusurwarsa, don haka kowane da hanyar da zai bi. Dunƙulen darma mai santsi, mai nauyi ɗaya, shi ke tafiya sak. Ku tuna da Dawuda a 1 Sama'ila sura 17. Da zai fuskanci Goliyat, ba kowane dutse ya ɗauka a rafi ba, masu santsi ya zaɓa guda biyar. Makiyayin yaron nan ya san aikin majajjawarsa.

Saura kuma na maharbi ne. Awon albarushi ya zama ɗaya kullum, ba da tafin hannu ba. A riƙa goge bututu, ƙanƙara ta zama mai kaifi. Tsakanin walƙiyar kasko da tashin harsashi akwai ɗan jinkiri, wanda ya firgita ya kau da fuska a lokacin ya riga ya kuskure.

Ko an yi duk wannan, adaka tana da iyaka. A taki hamsin gwani zai iya dogara da ita, bayan taki ɗari kuwa sai sa'a. Bindigar zamani cikin bututunta akwai zane murɗaɗɗe mai sa harsashi juyawa kamar katantanwa, ta hanya ɗaya kullum. Irinta sojojin Lugga suka riƙe, da bindiga mai ruwa, sa'ad da suka ci Kano da Sakkwato a 1903.

To, ɗalibina, amsarka ke nan: bindiga tana da nata laifi, kawu ma da nasa, sai dai na kawu ya fi sauƙin gyara.

Gargaɗi kafin hutu

Na rubuta wannan don ilimi, ba don ku je ku gwada ba. Adakar da ake ƙerawa da bututun famfo takan fashe a hannu, musamman in an cika albarushi ko harsashi bai zauna kan ɗuri ba. A ƙauyenmu akwai dattijon da yatsu biyu suka rage masa a hannun hagu saboda haka. Kada ku ɗauki bindigar kowa, ko an ce muku babu kome ciki. Riƙe ta ma yana ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1959.

Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne halin gwanin maharbi: yana auna kome, yana maimaita abu ɗaya har ya ƙware, ya kuma san inda ƙarfinsa ya tsaya. 'Yan aji shida masu fuskantar jarrabawa, ku yi wa littattafanku haka. Ubangiji ya kiyaye ku, ya dawo mana da ku lafiya.