Almajiran Yesu: Abin da almajiranci ke nufi a rayuwar ikkilisiya

Duk Bahaushen da ya buɗe Littafi Mai Tsarki a karon farko zai ci karo da wata kalma da ya saba jin ta a tsangaya da bakin kasuwa, wato almajiri. Da ita ake kiran Bitrus da Andarawas da Yakubu da Yohanna, masuntan nan na Tekun Galili da suka bar jiragensu suka bi Yesu Almasihu. Masu fassara, cikinsu har da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, sun zaɓe ta ne tun a aikin da ya kai ga buga cikakken littafin da Hausa a 1932, kuma har yau da ita ake wa'azi a majami'u daga Wusasa zuwa Jos, daga Mubi zuwa Maraɗi.

Zaɓin ya dace. Asalin kalmar daga Larabci ne, al-muhajir, wanda ya bar gida ya yi hijira, kuma a wurin Hausawa wanda ya bar gida don neman sani a gaban malami. Kalmar Girkanci da ta maye gurbinta, mathetes, tana nufin mai koyo da ya liƙe wa malami guda. Abin takaici ne cewa a bakin mutane da yawa yau almajiri ya koma nufin yaro mai ƙoƙon bara, domin ma'anarsa ta asali mai daraja ce a addinan biyu.

Ƙididdigar kalmomin Sabon Alkawari ma tana da abin faɗa. Kalmar almajiri ta zo fiye da sau 250, dukkansu a cikin Linjila huɗu da littafin Ayyukan Manzanni. Kalmar Kirista kuwa sau uku kacal ta bayyana. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa a birnin Antakiya aka fara kiran almajirai da sunan Kirista, kuma masana da yawa na ganin mutanen gari ne suka laƙaba musu shi. Ke nan almajiranci ya girmi sunan addinin kansa. Wannan ya sa malaman tauhidi ke cewa ba wani mataki ne na musamman da aka keɓe wa fastoci ko masu tsananin ibada ba. Matsayin kowane mai bi ne.

Yadda abin ya faro

A al'adar Yahudawa ta wancan zamani, ɗalibi ne ke neman malamin da zai zauna a gabansa, ya koyi Attaura, wata rana shi ma ya zama malami mai nasa ɗalibai. Linjila ta nuna Yesu ya juya wannan tsari: shi ya riƙa zuwa wurin sana'ar mutane yana kiransu. Ya kira masunta a bakin ruwa, ya kira Matiyu a wurin karɓar haraji, sana'ar da jama'a suka tsana domin aiki ne na masu mulkin Roma. Cikin sha biyun da ya keɓe har da Siman, wanda ake danganta shi da masu tsananin kishin ƙasa. Mai karɓar haraji da mai adawa da masu mulki suka ci abinci a akushi ɗaya, kuma masu wa'azi kan kafa hujja da wannan a kan ƙabilanci da ɓangaranci a cikin ikkilisiya.

Ba sha biyun ne kaɗai almajirai ba. Luka ya ambaci wasu saba'in da aka aika bibiyu, ya kuma ambaci mata irin su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana, waɗanda suka riƙa ɗaukar nauyin tafiyar daga aljihunsu. A garin Yafa akwai Tabita, wadda aka kira almajira kai tsaye, kuma abin da aka san ta da shi shi ne ɗinka wa gwauraye tufafi. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata, waɗanda a majami'u da yawa na Arewa su ne ke ziyarar marasa lafiya da dafa abincin makoki da tara gudummawa, suna ganin kansu a wannan layi.

Koyon kuma na zama tare ne. Almajiran sun yi kimanin shekara uku suna tafiya da malaminsu, suna ganin yadda yake bi da kuturu da baƙo da mai zunubi. Linjila ba ta ɓoye kasawarsu ba: sun yi gardamar wane ne babba, Bitrus ya yi musun saninsa sau uku, Yahuza ya bashe shi. A ƙarshen Linjilar Matiyu kuma, ga waɗannan mutane masu rauni aka danƙa umarnin su je su almajirtar da dukkan al'ummai, su yi musu baftisma, su koya musu kiyaye abin da aka umarce su. Ikkilisiyoyi na ɗaukar wannan umarni a matsayin dalilin kafuwarsu.

Ajin baftisma da abin da ke biyo baya

A ƙarnonin farko, shiga ikkilisiya ba abin gaggawa ba ne. Wani tsohon kundin tsarin ibada da ake dangantawa da Hippolytus na Roma ya nuna mai neman baftisma kan yi har shekara uku yana koyo, ana bincikar sana'arsa da halinsa, ana tambayar ko yana kula da gwauraye da marasa lafiya. Wannan tsari ya dusashe bayan Kiristanci ya zama addinin daula, sai Cocin Katolika ta farfaɗo da shi ga manya bayan Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965.

A Arewacin Nijeriya, mishanonin farko sun bi hanya mai kama da wannan. A wurare da dama sai mutum ya shiga ajin baftisma, ya koyi karatu har ya iya buɗe littafi da kansa, kafin a karɓe shi. Da yake da Hausa ake yawancin wannan koyarwa, ita ta zama harshen sujada ga ƙabilu da yawa na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, waɗanda ba Hausawa ba ne. Daga baya, a shekarun 1960, shirin Sabon Rai Don Kowa ya ɗora aikin bishara a wuyan talakawan masu bi, manoma da 'yan kasuwa, maimakon a bar wa fastoci kaɗai.

Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan inda almajiranci yake farawa. Katolika da Angilikan da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma, sannan a koyar da yaro har ya kai ga tabbatarwa. ECWA da EYN da Baptist kuwa sai mutum ya yi wayo ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Inda aka fi shan wahala a tarihi shi ne batun mai mata fiye da ɗaya. Taron Lambeth na bishop-bishop ɗin Angilikan a 1888 ya hana yi wa irin wannan namiji baftisma, hukuncin da ya bar magidanta da yawa a bakin ƙofa, wasu kuma suka saki matan da ba su yi laifin komai ba. Sai bayan shekara ɗari, a 1988, taron ya yarda a karɓe shi da iyalinsa bisa sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara aure. Tsawon wannan lokaci ya nuna yadda yake da wuya a rarrabe abin da Linjila ke nema da abin da al'adar mai kawo ta ta saba da shi.

Farashin bi

Babi na 14 na Linjilar Luka ya kwatanta mai son zama almajiri da maginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafin kuɗin gini kafin ya sa harsashi. Kiristoci na haɗa wannan da kiran ɗaukar gicciye, wanda a zamanin Roma ba abin ado ba ne, itacen kisa ne. Malamin tauhidin nan na Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya wallafa littafi a kan almajiranci a 1937, inda ya soki ikkilisiyar da ke raba gafara ba tare da neman tuba ko canjin hali ba, a lokacin da manyan malaman coci da yawa suka miƙa wuya ga Hitler. 'Yan Nazi sun rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945.

Ba sai an je Turai neman misali ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta samo asali ne daga wata ƙungiya da mutum takwas suka kafa a Schwarzenau ta Jamus a 1708, wadda ta ɗauki ƙin yaƙi da ƙin ramuwa a matsayin ginshiƙin bin Yesu. An yi sujadarta ta farko a Nijeriya a gindin wata tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923. Har yanzu 'yan wannan ɗarika na wanke wa juna ƙafa a lokacin Jibin Ubangiji, koyi da abin da Yohanna ya ruwaito Yesu ya yi wa almajiransa.

Yankin da EYN ta fi ƙarfi shi ne rikicin Boko Haram ya fi ɗaiɗaitawa. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. A ƙarshen Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. A nan koyarwar da aka yi shekaru ana maimaitawa a makarantar Lahadi ta fuskanci tambaya mai zafi: shin ƙaunar maƙiyi ta shafi wanda ya ƙone gidan mutum, ya kashe ɗansa? Shugabannin sun tsaya a kan ƙin ramuwa, ko da yake hakan bai zo da sauƙi ga matasan da suka binne 'yan'uwansu ba. Sun ci gaba da aiki tare da Musulmin da su ma rikicin ya raba da gidajensu, kuma a 2016 aka ba EYN da abokan aikinta Musulmi lambar yabo ta zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus.

A ɗaya ɓangaren akwai wa'azin da ke auna albarka da mota da gida da ƙarin girma a wurin aiki, wanda ya cika manyan ɗakunan taro a birane. Masu kare shi na cewa talauci ba ibada ba ne, kuma wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Sai dai masu suka na tambayar abin da irin wannan koyarwa za ta faɗa wa gwauruwar da ke sansanin gudun hijira, wadda ba ta rasa bangaskiya ba amma ta rasa komai. Fastoci da dama kuma na kukan cewa kujeru sun cika, amma masu zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako kaɗan ne, kuma yaro kan gama ajin baftisma ba tare da wani dattijo ya ɗauke shi a hannu ba, irin yadda Bulus ya ɗauki Timoti tun yana saurayi a Listira, ya yi ta tafiya da shi gari zuwa gari, kafin ya bar shi ya kula da ikkilisiyar Afisa.