Abin da ake faɗa kan maɗaukin sautin jita, da abin da yake gaskiya

Kiɗan Agadas ya daɗe yana tsallako Kwangwalam a cikin wayoyin mutane. Matashin Daura da ya ji Mdou Moctar ko Bombino har ya sayo jitar lantarki ta gwanjo, tambayarsa ɗaya ce: me ya sa tawa ba ta kuka irin tasu? Sai a ce masa ya canja maɗaukin sauti, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiya. Akwai gaskiya a maganar, amma an cika ta da gishiri.

Gaskiya ne maɗaukan ba ɗaya ba ne. Mai naɗi ɗaya, irin ukun da Fender ya jera a Stratocaster tun 1954, muryarsa siririya ce, tangaran. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957, muryarsa ta fi kauri.

Inda aka saki hanya shi ne cewa wai kiɗan rok na da sai da mai naɗi biyu. Jimi Hendrix da Stratocaster ya yi suna. Jimmy Page, wanda kowa ya sani da Les Paul, da Telecaster mai naɗi ɗaya ya ɗauki yawancin faifan Led Zeppelin na farko, wanda ya fito a 1969. Mdou Moctar ma Stratocaster yake riƙewa, kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Kaurin nan da kunne ke nema, mafi yawansa daga amfilifaya mai kwalba yake fitowa idan an ƙure shi, sauran kuma daga yatsu.

Haka zancen lamba. Mai sayarwa zai ɗora mita ya nuna maka om dubu 15, ya ce wannan shi ne gangariya. Yawan zagayen waya, wanda shi ke ɗaga lambar, kan ƙara ƙarfi, amma yana dusashe kaifin murya. Na Gibson na farko ba su cika wuce dubu 7 zuwa 9 ba, na Stratocaster kuwa wajen dubu 6.

Gurnanin da ake ji fa? Ba lalacewa ba ce. Mai naɗi ɗaya yana kwaso ƙugin wutar da ke kewaye da shi, ta gari ko ta janareta, kuma don kashe wannan ƙugin aka ƙirƙiro mai naɗi biyu. Idan kuwa kana taɓa tsirkiya gurnanin na ƙaruwa, kai wa mai gyaran rediyo ya duba dalmar wayoyin.

Masu cewa za a ciro maɗaukin a liƙa wa goge ko kukuma, su daina wahalar da kansu. Maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake ji, ba ruwansa da izgar doki. Waɗannan sai makirfo, ko ɗan faifan nan da ake mannawa a jikin ƙoƙo ya ɗauki girgizarsa.

Kafin ka fitar da kuɗi, sa sababbin tsirkiyoyi, ka ɗauki sukundireba ka ɗaga maɗaukin ko ka sauke shi kaɗan-kaɗan kana saurare, sannan ka gwada jitar a amfilifayar wani. In duk ka yi wannan muryar ba ta yi maka ba, to je ka saya.