Ƙofar da Ke Cikin Gida: Abin da Kan Hana Shafin Saitin Rauta Buɗewa

Duk wanda ya kunna Wi-Fi na wayarsa a lungunan Gwammaja, ko Adakawa, ko Madigawa, zai ga sunaye sun jeru reras, kowane da hoton kwaɗo a gefensa. Kowane suna daga cikinsu na wata 'yar na'ura ce da ke ajiye a ɗaki ko a shago, wadda ake kira rauta, watau na'urar da ke karɓo intanet daga kamfanin waya ta rarraba wa mutanen gida. A shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, layi kansa sai mai hali. Yanzu kuwa tela da ɗalibi da mai shagon caji duk sukan mallaki rauta, a zura mata layi kamar yadda ake zura wa waya.

Gidajen Dala a cushe suke, katanga ɗaya ce ke raba gida da gida, kuma igiyar rediyon da rauta ke aikawa ba ta san iyakar gado ba. Saboda haka idan kalmar sirri ta fita, ko da ta bakin yaro ce, kafin mako ya zagayo rabin layin sun hau. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025, wannan ya wuce abin dariya. Datar wata guda sai ta ƙare a kwana goma. Maganin abin shi ne maigida ya shiga shafin saitin rautarsa ya canza kalmar sirri. To, a nan ne gizo ke saƙa, domin sau da yawa shafin ba ya buɗewa.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne, wannan shafi ba a intanet yake ba. Yana cikin cikin rautar ne. Rauta ƙaramar kwamfuta ce mai ƙwaƙwalwarta, kuma ita da kanta take miƙo shafin ga duk wayar da ta ƙwanƙwasa mata. Ba a bukatar data ko ta sisin kwabo kafin a buɗe shi. Mutane da yawa sukan garzaya su sayi data suna zaton rashinta ne ya rufe musu ƙofa, alhali kuwa kuɗinsu kawai suka ƙara zuba wa maƙwabta.

Ana isa ga shafin ne ta hanyar rubuta wata lamba a burauza. Kowace na'ura da ke magana a kan intanet tana da adireshi, kuma a tsohon tsarin da har yau aka fi amfani da shi, adireshin rukuni huɗu ne na lambobi, da ɗigo a tsakaninsu. Wannan tsari ba zai iya samar da adireshi fiye da kimanin biliyan 4.3 ba, adadin da bai kai yawan mutanen duniya ba, balle na'urorinsu. Masana sun hango ƙarancin tun da wuri. A cikin wata takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1918, wadda ta fito a Fabrairun 1996, an keɓe wasu rukunan lambobi domin amfanin cikin gida kawai, ciki har da duk waɗanda suka fara da 192.168. Ba sa fita waje, don haka gida dubu za su iya amfani da lamba ɗaya ba tare da rikici ba, kamar yadda kowane gida a birni yake da zaure, amma ba a taɓa ɓata tsakanin zauren wani da na wani. Shi ya sa yawancin rautocin Huawei suke amsawa a 192.168.8.1, wasu na ZTE da TP-Link kuma a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1.

Wannan lamba ita ce masana suke kira ƙofar fita. Sunan ya dace ƙwarai. A zamanin da ganuwar Kano take tsaye, mai fita fatauci daga wajen Dala sai ya bi ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa, kuma kowace ƙofa tana da sarkinta. Haka duk saƙon da zai bar gida sai ya bi ta rauta. Wanda bai san lambar ƙofarsa ba, ba sai ya yi canki-canki ba. Yawanci tana rubuce a takardar da aka liƙa a ƙarƙashin rautar, ko a bayan batirinta in irin ta aljihu ce. In takardar ta goge, wayar da ke haɗe da rautar ta san lambar: a Android ana samunta cikin bayanan Wi-Fi a gaban kalmar Gateway, a iPhone kuma a gaban kalmar Router. Mai kwamfutar Windows zai rubuta ipconfig a tagar umarni, ya duba layin Default Gateway.

Kuskuren rubutu shi ne mafi sauƙi, kuma ya fi yawa. Wasu sukan sa harafin l a maimakon lamba 1, wasu waƙafi a maimakon ɗigo, sai burauza ta ɗauka tambaya ce ta kai su Google. Wani lokaci kuma burauzar ce take ƙara https da kanta, alhali tsofaffin rautoci http kawai suka iya. Sai a rubuta http:// a gaban lambar da hannu. Idan gargaɗi ya fito cewa shafin ba amintacce ba ne, ba abin tsoro ba ne matuƙar lambar ta rautar gidan ce.

Matsalar da ta fi rikita mutane ta wayar ce da kanta. Wayoyin zamani suna da wani wayo: da zarar sun hau Wi-Fi sai su gwada ko akwai intanet a bayansa. Idan datar rauta ta ƙare, sai waya ta ga hanyar ba ta ɓullewa, ta koma kan datar layinta a asirce, alamar Wi-Fi kuwa tana nan a saman allo kamar ba abin da ya faru. Daga nan duk lambar da aka rubuta sai ta nufi kamfanin waya, inda ba wanda ya san wani 192.168.8.1, tun da lambar cikin gida ce. Abin takaicin shi ne, daidai lokacin da data ta ƙare, lokacin da maigida ya fi bukatar ganin su wa suka cinye ta, shi ne lokacin da wayar take juya wa rautar baya. Maganin bai wuce kashe datar layi na ɗan lokaci ba. Manhajar VPN ma tana iya yin irin wannan ɓarna, domin takan kwashe saƙonnin waya ta kai su wata ƙasa kafin su sauka. 'Yan Nijeriya da dama sun ɗora ta ne lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma akwai wayoyin da take kunne a cikinsu har mai wayar ya manta da ita.

Akwai kuma lokacin da laifin na rautar ne. Aikinta ne ta ba kowace na'ura lambar zama a cikin gida. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita a jere, ko zafin bazara ya dafa ta a ɗaki mai rufin kwano, takan rikice ta daina rabon. Alamar haka ita ce kwamfuta ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, wanda ita ta ba kanta da ta gaji da jira. A kashe rautar, a dakata kamar rabin minti, a kunna. Nisa ma yana da nasa tasiri. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen birni tana shanye igiyar rediyo, musamman ta zangon 5 GHz, wadda ba ta kai ta 2.4 GHz iya ratsa gini ba. Wanda ke zaure, rauta tana can ƙuryar ɗaki, gara ya taso ya matso, ko ya haɗa kwamfuta da ita ta kebul.

Idan shafin ya buɗe, sai ya nemi suna da kalmar sirri. Wannan ba ita ce kalmar da ake ba baƙo ya hau Wi-Fi ba. Waccan makullin zaure ce, wannan kuwa ta turakar maigida. Masu ƙera rautoci da yawa sun daɗe suna sakin su da admin a matsayin suna da kalmar sirri duka, kuma barin su haka sakaci ne babba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi kimanin 60 kacal. Da su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari ranar 21 ga Oktoba, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga miliyoyin mutane, kuma a ƙarshen shekarar aka juya irinta kan wani kamfanin waya a Laberiya.

Wanda ya sayi rauta ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre, ko wanda ɗansa ya canza kalmar ya manta, abin da ya rage masa shi ne ɗan ramin da aka rubuta wa Reset. A tura tsinke a riƙe kamar daƙiƙa goma, rautar tana kunne. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi: wannan yana goge komai, har da saitin da wasu layukan ke bukata kafin su kawo intanet, don haka in takardar ƙarƙashin rautar ta goge, a nemi sanin kalmar asali tukuna.

A cikin shafin akwai jerin duk na'urorin da ke haɗe, da maɓallin korar wadda ba a sani ba. Korar tana dogara ne da wata lambar shaida ta na'ura mai suna MAC. Sai dai tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna iya ƙirƙiro wa kansu lambar bogi, saboda haka wanda aka kora da safe yana iya dawowa da yamma da sabuwar fuska. Canza kalmar Wi-Fi ne yake sauke kowa a lokaci guda, har da wayar maigidan, wadda za ta yanke nan take sai ya shigar mata da sabuwar.