Inabin Italiya da Albasar Galmi: Darajar Irin Gida

Duk wanda ya saba cefane a Yamai, ko a kasuwar Katako ko wurin masu tebur na unguwar Bobiel, ya san albasa ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ake kira ƴar Galmi, mai saye kuma da sunanta yake neman ta. Galmi gari ne a jihar Tawa, a bakin babbar hanyar da ta haɗa Birnin Ƙonni da Madawa. Me ya sa sunan wannan gari ya bi albasa har Abijan da Akara? Me kuma za a yi don kada sunan ya zube? Domin samun amsa, za mu fara duba wata ƙasa wadda ta daɗe tana tattalin irinta na gida, wato Italiya.

Mene ne irin gida?

Irin gida shi ne irin shukar da manoman wani wuri suka gada kaka da kakanni. Kowace shekara suna zaɓen mafi kyau suna ajiyewa, har irin ya saba da ƙasar wurin, da ruwansa, da zafinsa. Saboda haka yakan jure abin da baƙon iri ba ya jurewa.

Inabin Italiya

Italiya ƙasa ce a kudancin Turai, a bakin tekun Bahar Rum. An fi shekara 2000 ana noman inabi a can. Nau'o'in da za mu ambata, galibi matse su ake yi a yi jar giya, abin da addinin Musulunci ya haramta. Amma inabi kansa ɗan itace ne halal, ana cin sa ɗanye, ana shanya shi ya zama zabibi. Abin da muke nema a nan shi ne yadda manoman can suka riƙe irinsu.

A littafin rajistar hukumar Italiya akwai nau'in inabi fiye da 500. Kusan kowane yanki yana da nasa. Ga huɗu daga cikinsu:

Sangiovese: shi aka fi shukawa a duk ƙasar. Cibiyarsa yankin Toskana, a tsakiyar Italiya.

Nebbiolo: na arewa ne, a gindin manyan duwatsu. Ba ya nuna da wuri, sai watan Oktoba, lokacin da hazo yake rufe gonaki. Mutane da yawa suna danganta sunansa da kalmar hazo a harshensu.

Primitivo: na kudu ne. Ma'anar sunan ita ce na farko, domin yana rigan sauran nuna.

Nero d'Avola: na tsibirin Sisiliya ne, yana jure zafi da ƙarancin ruwa. Ma'anar sunan ita ce baƙin Avola, Avola kuwa gari ne a tsibirin.

Ku lura da wannan na ƙarshe: an haɗa launi da sunan gari. Haka aka yi wa albasarmu, wadda ake rubuta sunanta da Faransanci Violet de Galmi, wato shunayyar Galmi.

Haɗari biyu da inabin ya tsallake

Haɗari na farko ƙwaro ne. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa ya shigo Turai daga Amurka. An gan shi a Faransa a shekarar 1863, a Italiya kuma a 1879, ya kashe gonakin inabi masu ɗimbin yawa. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda masu lambu na bakin kogin Kwara suke yi wa mangwaro. Aka ɗauki reshen inabin gida aka aura shi a kan gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa. Gindi na baƙo, ƴaƴa na gida.

Haɗari na biyu shi ne raina na gida. Akwai lokacin da manoma da yawa suka tuge nasu suka dasa nau'o'in Faransa, don su ne kasuwa take so. Wasu kuma suka bar noma suka tafi birni. Wani nau'i mai suna Sagrantino, na garin Montefalco, saura kaɗan ya ɓace. Manoma ƴan ƙalilan ne suka riƙe shi, har aka yi wa sunansa rajista a 1979. Yau da shi aka san garin a duniya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tun a 1963 Italiya ta kafa dokar kare sunayen wurare. Dokar ta ce ba a maƙala sunan wuri a kan kaya sai in a wurin aka noma su, da nau'in da aka amince da shi, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Wannan ya hana mai ha'inci cin guminsu.

Albasar Galmi da sunanta

Ƴar Galmi ta yi suna ne saboda yajinta da ƙamshinta a miya, da kuma yadda take jure ajiya a cikin rudu har watanni. Suna mai daraja kuwa ba ya rasa masu kwaɗayinsa. Wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya nemi a ba shi takardar mallakar wannan iri. A 2009 manoman Nijar da hukuma suka tashi tsaye suka ƙi, kamfanin kuma bai samu sunan Galmi ba. A 2021 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallaka a ƙasashen Afirka 17, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar suna, irin wadda inabin Italiya yake da ita.

Amma takarda ba ta tsare iri a gona. A nan akwai bambanci babba tsakanin inabi da albasa. Inabi da reshe ake dasa shi, don haka ɗa yakan fito daidai da uwarsa. Albasa kuwa da ƙwaya ake shuka ta, kuma ƙudan zuma da sauran ƙwari suna ɗaukar garin fure daga wannan gona zuwa waccan. In farar albasa tana fure kusa da ƴar Galmi, irin zai gauraye. Bayan ƴan shekaru launi ya kwashe, ajiya ta ragu, mai saye ya daina yarda da sunan. Asarar kuwa ta kowa ce: manomi, da ɗan kasuwa, da uwargida mai girki.

Abin da mai lambu zai yi

1. Lokacin haƙar albasa, ku ware ƙwayoyin da za su zama uwar iri kafin ku sayar. Ku zaɓi masu cikakken launi, masu tauri, masu siririn wuya, waɗanda ba su rabu biyu ba.

2. Kada ku ɗauki iri daga albasar da ta yi fure tun a shekarar farko. Ƴaƴanta ma haka za su yi, ga shi ba ta ajiyuwa.

3. Ku ajiye uwar iri a inuwa mai iska. Wadda ta ruɓe ko ta tsira da wuri, ku fitar da ita. Wadda ta kai lokacin dashe lafiya ita ce ta cancanta.

4. Ku nisanta gonar iri daga wata albasa mai fure, kamar kilomita 1 in da hali. In lambuna suna manne da juna, ku yi shawara da maƙwabta ku shuka nau'i ɗaya.

5. Ku shanya irin sosai, ku zuba a mazubi mai murfi, nesa da danshi da zafi. Irin albasa ba ya daɗewa, bayan shekara ɗaya ƙarfinsa yakan ragu.

6. Ku rubuta sunan irin da watan da aka girbe shi a jikin mazubin. Ga ɗaya daga cikin amfanin karatun da kuke yi.

7. Kafin ku zuba iri, na gida ne ko na saye, ku gwada shi. Ku sa ƙwaya 10 a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, ku riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 12 ku ƙirga. In waɗanda suka tsira ba su kai 7 ba, irin ya yi rauni.

Irin gida da irin zamani

Kada ku ɗauka irin zamani abokin gāba ne. Geron HKP, wanda malaman gona suke ba manoma shawarar shukawa don yana nuna da wuri, daga geron gida na ƙasar Zabarma aka tace shi, mai suna Haini Kire, wato jan gero. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, da cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, suna tattara irin gida suna adanawa. Dalili kuwa shi ne, in na gida ya ɓace, masu bincike ba su da inda za su samo sabon iri mai jure fari da ƙwari.

Don haka in an kawo muku sabon iri, ku gwada shi a gefe ɗaya na gona, ku bar na gida a ɗaya gefen, ku kwatanta a lokacin girbi. Ku tambayi dattawa sunayen gero, da wake, da kuɓewa, da yakuwar da ake shukawa a garinku na asali, ku rubuta su a littafinku tare da halin kowanne. Wanda kuka tarar ya kusa ɓacewa, ku nemi ko cikin tafin hannu ne, ku shuka shi a daminar da ke tafe.