Me Ya Sa Layin Ganin Likita Ba Ya Raguwa?

A manyan asibitocin Kano, Kaduna ko Sakkwato, wanda zai ga likita ya koma gida a ranar ya san dole ya yi sammako. Ba layi ɗaya zai bi ba. Akwai na yankar kati, na biyan kuɗi, na awon hawan jini wajen nas, na ƙofar likita, sai ɗakin gwaji da wurin karɓar magani. Ganawa da likitan da ƙyar take kai minti goma, amma wuni ya tafi.

Gwamnatoci sun fi karkata ga abin da ido ke gani: sabon gini, sababbin na'urori, kwamfuta a ɗakin kati. Waɗannan suna da amfani ƙwarai. Inda aka mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta, an huta da neman fayil ɗin da ya ɓace, sakamakon gwaji kuma yana isa gaban likita ba sai an aiki mutum ba, muddin akwai wuta. Sai dai saurin ɗakin kati ba ya ƙara wa likita hannu. Jama'ar da aka sallama da wuri can za su taru a ƙofarsa.

Mu ɗauki misali. Likitan da ke ba kowa minti goma zai duba mutum 6 a awa, wato 36 cikin awa shida. Likitoci uku za su duba 108. Idan mutum 150 suka zo, ko dai 42 su dawo gobe, ko a gutsure lokacin kowa, kuma a irin wannan gaggawar ce ciwo ke kuɓuce wa likita.

Likitocin kuwa tafiya suke yi. A 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin shekaru biyar, zuwa ƙasashe irin su Ingila, Amurka da Saudiyya. Abin takaici, asibitin tarayya ba ya iya maye gurbin wanda ya tafi nan take, sai ya jira izini daga Abuja. Shi ya sa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta sanya wannan cikin buƙatunta a yajin aikin 2023: duk wanda ya tafi a ɗauki wani a madadinsa. A ganina buƙata ce ta gaskiya, kuma ta shafi ma'aikatan jinya, masu gwaji da masu haɗa magani.

Akwai gyaran da bai kai gini tsada ba, wato a ba kowa lokacin zuwansa maimakon kowa ya iso da asuba. Sannan yawancin masu zazzaɓi da tari da ke cika benci, asibitin unguwa ya ishe su, da a ce akwai ma'aikaci da magani a can. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ya kamata majalisun jihohi su riƙa bin sawun wannan kuɗi har zuwa ɗakin shan magani na ƙauye.