Sabon mai sayar da tufafi: a wace kasuwar waya zai kafa rumfa?

Duk wanda ya ratsa layin ƴan yadi a kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba, ko babbar kasuwar Maraɗi ranar Juma'a, zai ga abin da babu shi shekaru 15 da suka wuce: yaron shago ya warware turmin atamfa ya rataya a kafaɗa, maigida kuma ya ɗaga salula yana ɗaukar hoto. Mai sayen ba ta cikin kasuwar. Wataƙila tana Tawa, ko Agadas, ko Sakkwato, ko ma cikin ɗakinta a unguwar da ke bayan kasuwar. Kafin la'asar an daidaita, kuɗi sun shigo, an ɗaure kaya an kai tasha.

Ganin haka ya sa matasa da matan aure da dama suka tsunduma cikin sana'ar sayar da atamfa, shadda, leshi, abaya da kayan yara ta intanet, tunda ba ta buƙatar kuɗin hayar shago. Tambayar da ke gaban kowane sabon shiga ita ce inda zai baje kolinsa: WhatsApp, Facebook, TikTok, Instagram, ko kuwa manyan shagunan intanet irin su Jumia? Akasari sukan duba inda jama'a suka fi yawa su nufi can, kuma daga nan jari ke fara yoyo. Ga mai zaune a bakin iyaka, da jarin da bai wuce jika 200 ko 300 ba, akwai abubuwan da ke gaba da yawan jama'a: ina mai sayen yake, da wane kuɗi zai biya, kuma ta wace hanya kayan za su isa hannunsa.

A fara da manyan shagunan, domin maganarsu gajeriya ce. An kafa Jumia a Legas a 2012, kuma aikinta shi ne ta karɓi kuɗi daga mai saye, ta kai masa kaya, ta cire kasonta, ta bai wa mai kaya sauran. Sai dai ba ta aiki a Nijar, a Kamaru ma ta rufe tun 2019. Ɗan Ƙonni ko Ɗan Isa ba zai shiga ba sai in yana da ƙafa a Najeriya, da asusun banki da takardun can. Ko ya shiga, zai tarar da hotonsa jere da na masu shigo da kaya kwantena-kwantena, inda mai saye ke duba farashi kawai bai san fuskar kowa ba. Mai turmi 20 ba ya kokawa a wannan fage.

Masu shela

TikTok da Facebook da Instagram aikin sanƙira suke yi: suna sanar da mutanen da ba su san ka ba cewa kana da kaya. A cikinsu TikTok ne ya fi kai sabon mutum nesa, domin yana nuna bidiyo ga waɗanda ba mabiyansa ba, kuma tufafi kaya ne da ke son motsi; sheƙin shadda da zubin leshi sun fi fita idan ana juya su a hannu. Amma yana cin data sosai, kuma galibi sai mabiya sun kai 1,000 ake ba mutum damar yin tallar kai tsaye. Wani abin kuma, masu kallon a warwatse suke. Hausawan Kumasi da na Jidda da na Khartum za su yaba kaya su tambayi farashi, alhali mai kayan ba shi da hanyar aika musu ko ɗankwali. Mutum dubu goma sun kalla ba ya nufin an sayar da turmi goma.

Instagram kasuwar matan birni ce, na Yamai da Kano da Abuja, masu neman leshi mai tsada da abaya ƴar yayi, kuma ba sa tsayawa kan hoton da aka ɗauka a duhun shago. Wanda kayansa na talakawa ne zai ɓata lokacinsa a can. Facebook kuwa, duk da matasa na yi masa kallon tsohon yayi, yana da amfani biyu ga ƴan iyaka: ƙaramar manhajarsa ta Facebook Lite na buɗewa ko da rezo ba shi da ƙarfi, sannan akwai zaurukan saye da sayarwa na garuruwa, inda masu dubawa mutanen yankin ne da mota ɗaya za ta kai musu saƙo.

Inda ake ƙulla ciniki

Ko a ina aka ga tallar, cinikin kansa a WhatsApp yake ƙarewa, kuma dalilin a bayyane yake. Bahaushe ba ya sayen zane bai taya ba. Sai an yi sallama, an tambayi iyali, an taya, an ce albarka, an ƙara, sannan a sallama. Saƙon murya ya ɗauko wannan al'ada kacokan ya zuba a waya, ya kuma buɗe ƙofa ga dimbin masu saye da ba su karanta boko ko Faransanci, waɗanda su ne mafi yawa a ƙauyukan da ke ciyar da kasuwanninmu.

Tun 2018 akwai WhatsApp Business, kyauta, wanda a 2019 aka ƙara masa kundin kaya, inda ake jera hotuna da farashi mai saye ya duba da kansa. Sitatus na ɗaukar awa 24 kafin ya ɓace, abin da ya dace da kayan da ke shigowa yau su ƙare jibi. Ana iya aika saƙo ɗaya ga mutum 256 lokaci guda, amma sai waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa ne za su gani. Zaure kuma na ɗaukar mutum 1,024, ko da yake duk wanda ya buɗe zaure bai rufe bakin jama'a ba, cikin mako guda zai tarar an cika shi da gaisuwar Juma'a da bidiyon siyasa, hotunan kaya sun nutse. A bar shugaban zaure kaɗai ya riƙa sakawa, mai so ya biyo ta gefe.

A nan ne kuma ake samun cinikin anko, wanda shi ne ke tayar da ƙaramin jari da sauri. Amarya ɗaya ta zaɓi zane, ƙawaye da dangi 30 ko 40 su biyo baya, kowa ta biya kafin a sari kayan. Wanda ya cika alkawari a biki ɗaya ya samu lambobi 40 na mutanen da suka riga suka ga aikinsa.

Raunin WhatsApp shi ne ba ya kawo baƙo. Sitatus na zuwa ne ga waɗanda kuka ajiye lambar juna, wato dangi da maƙwabta da abokai, kuma waɗannan su ne suka fi iya cewa a kawo sai ƙarshen wata. Sabbin shiga da yawa ba rashin ciniki ne ya karya su ba, bashin ƴan uwa ne. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne wuri biyu kacal: ɗaya na shela, Facebook ko TikTok gwargwadon irin kayan, da lambar waya a jikin kowane hoto, sai WhatsApp na ciniki. Mutum ɗaya mai waya ɗaya da ya buɗe wuri biyar zai kwana yana amsa "nawa ne?" bai ɗaure ƙunshi ko ɗaya ba.

Naira, sefa da hanya

Abin da ya raba ɗan iyaka da mai sayarwa a cikin Kano ko Yamai shi ne kuɗi biyu yake riƙewa. Abin da ke asusun OPay ko Moniepoint naira ne, wanda ke zuwa ta Airtel Money, Moov Money, NITA ko Amana sefa ne, kuma a tsakaninsu yawanci ɗan canji ke tsaye da nasa kason. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa kowa ya ga abin da ya same ta: a farkon Yunin 2023 dalar Amurka na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar wa ƴan Illela ko Jibiya da naira a wancan lokaci, ya bar kuɗin suna kwana a asusu, da ya koma Kantin Kwari sari sai ya tarar ba su sayen abin da ya fitar, domin yawancin atamfar da ke can daga waje take zuwa, farashinta na bin dala.

Wannan ya shafi zaɓin wuri kai tsaye. Hoton da aka saka a Facebook da farashi a jikinsa yana nan bayan wata uku, wani zai zo ya ce shi a haka ya gani. Gara a bar farashi a sitatus da ke ɓacewa, ko a rubuta kwanan wata tare da shi, a kuma yanke shi da kuɗin da za a koma sari da su. Naira da ta shigo, in ba da ita za a yi sari ba, a canza ta ranar. Hoton rasit kuwa ba kuɗi ba ne. An sha damfarar ƴan kasuwa da alat na bogi, don haka kaya ba sa barin shago sai mai su ya buɗe asusunsa ya gani da idonsa.

Sai hanya. A cikin Nijar motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM na ɗaukar saƙo da rasit daga gari zuwa gari, ƙauyuka kuma sai direbobin tasha da aka sani. Da zarar kaya za su tsallaka iyaka, sai a fayyace tun farko wa zai biya kuɗin mota, wa zai biya abin da duwan ko kwastan suka nema. Kada a manta cewa Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wanda duk masu sayensa ke ɗaya gefen, a irin waɗannan watanni wayarsa na ta ƙara amma ba abin da zai iya aikawa cikin kwanciyar hankali. Sabon shiga zai fi samun barci idan ya fara gina masu saye a gefen da yake zaune, ya ɗauki na tsallake a matsayin ƙari.

Akwai kuma rigimar awo, wadda ke jawo maido da kaya fiye da yadda ake zato. Kano da yadi take awo, Yamai da mita. Yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya, don haka wanda ya nemi shadda mita 10 aka yanka masa yadi 10 ya rasa kusan mita guda, kuma tela ne zai tona asirin. Turmin atamfa na yadi 6 shi ne wasu ke kira zane uku. Ɗinkakkun kaya sun fi wuya, domin lambar rigar Turkiyya daban, ta Ingila daban, babbar rigar Sin kuma sau da yawa matsakaiciya ce a jikin mutanenmu. A auna da tef a faɗi tsawo da faɗi. Shi ya sa wanda zai fara ya fi tsira da kayan da ba a ɗinka ba. Launi ma waya na ƙara masa gishiri. A ɗauki hoto da rana a cikin inuwa, a nuna bakin zanen inda sunan kamfani yake, in kwaikwayo ne a faɗa, tunda mai saye za ta gane da wankin farko.

Rumfar aro

Duk waɗannan wurare ba na ɗan kasuwa ba ne, aro aka ba shi. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. A Satumban wannan shekarar an katse layukan waya a jahar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Jibiya, na tsawon watanni saboda matsalar tsaro. Wanda ya fi faruwa kullum kuwa shi ne ƙwace: wani ya kira ya ce an turo wasu lambobi 6 bisa kuskure a karanto masa, da an karanta ya tafi da WhatsApp ɗin, ya shiga karɓar kuɗin kafin alƙalami daga masu saye da sunan mai shago. Maganinsa lambar sirri ta biyu da ke cikin saitin manhajar, wadda ba ta ɗaukar minti biyu.

Tsofaffin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram na da littafin da suke rubuta wanda suke bi da wanda ke bin su. Mai sayarwa ta waya na buƙatar irinsa, na takarda: sunan mai saye, lambarsa, garinsu, direban da ke kai masa saƙo, irin zanen da ya saya da kuɗin da ya biya da su. Daga wannan littafi ne za a san wa za a fara kira kafin azumi ya kama, domin kayan sallar da ba su isa hannun mai su ba kafin goman tsakiya, da wuya tela ya karɓe su.